Amsa ga mai kafe a Mabera: yadda za ka kama fakitin da kake nema shi kaɗai

Wa alaikumus salam ƙanena, na ga saƙonka tun daren jiya amma sai yanzu na samu zama. Bari in maimaita abin da ka ce don masu karatu su san inda munka dosa. Kana kula da kafen intanet a unguwar Mabera nan Sakkwato, kwamfuta 22, rautar MikroTik guda, intanet yana zuwa muku ta rediyon da ke saman rufi kuma da PPPoE kuke shiga, wato tsarin da rauta ke shiga wajen mai ba da intanet da suna da kalmar sirri. Shafin rajistar da ɗalibai ke cikewa yana buɗewa amma in anka zo ɗora hoto sai ya tsaya yana ta juyi har ya mutu, kuma bayan azahar wasu kwamfutocin sai su rasa intanet gaba ɗaya alhali na kusa da su suna aiki. Wani ya ce ka sa Wireshark, manhajar da ke kama fakiti, wato ƙananan guntayen da saƙo ke tafiya cikinsu a netwok, ka sa, ka bar shi awa 3, fayil ya haura gigabait 2, da ka zo buɗewa laftof ɗin ta sandare, ba ka ga komai ba.

To ba Wireshark ne da laifi ba. Abin da ka yi kamar mutum ne ragonshi ya ɓace sai ya tafi kasuwar Kara ranar da ta cika ya ce sai ya ƙirga duk dabbar da ta shigo tun safe. Ragon yana ciki, amma magariba za ta riske shi bai kai gare shi ba. Da ya ce fari ne mai baƙin kunne, kuma ta ƙofa kaza anka shigo da shi, da tuni ya koma gida. Kama fakiti haka yake, sai ka san kamannin abin da kake nema kuma ka san ƙofar da za ka tsaya tun kafin ka danna maɓallin farawa.

Don haka aje laftof tukuna, ɗauko biro. Wace kwamfuta ce ke yin matsalar, mi ne adireshinta, in ka buga ipconfig /all za ka gani, kuma ka rubuta har da adireshin gateway (ƙofar fita waje) da na DNS (mai juya sunan shafi zuwa adireshi) da na DHCP (mai raba ma kwamfutoci adireshi) da ta nuna, za su yi maka amfani an jima. Wane shafi ne, mi ne adireshinshi, nslookup da sunan shafin zai ba ka. Ƙarfe nawa abin ke faruwa. Kuma za ka iya sa matsalar ta faru da hannunka duk lokacin da ka so, ko sai ta ga dama take zuwa? Wagga tambaya ta ƙarshe ita ke raba aiki biyu, kuma ni a karatuna na saƙonka cuta biyu ce gare ka ba ɗaya ba. Ta ɗora hoto tana faruwa kullum, wannan kamun minti 1 ya ishe ta. Ta bayan azahar kuwa sai an yi mata kwanton ɓauna.

Sai maganar inda za ka tsaya, kuma nan ne yawancin yara ke faɗuwa. Suwic ba ya watsa fakiti ga kowa, yana duba adireshin MAC, wato lambar da ke jikin katin netwok na kowace na'ura, ya miƙa ma mai shi kaɗai. Ma'ana in ka jona laftof ɗinka a rami na 8 kana jiran ka ga hirar kwamfutar da ke rami na 3, ba za ka ga komai nata ba sai abin da ta yi shela da shi ga kowa, irin su ARP (cigiyar wa ke da adireshi kaza) da neman adireshi na DHCP. Gigabait 2 ɗin nan da ka tara, ina kyautata zaton kayan laftof ɗinka ne da kanta, sabuntawar Windows da bidiyon da ka bari yana tafiya a wani shafi. Wuri 3 ne za ka iya tsayawa: kan ita kwamfutar mai matsalar, ko kan rauta tunda duk mai fita waje ta nan zai bi, ko kuma in suwic ɗinka irin wanda ake shiga a saita ne ka sa shi ya kwafo duk abin da ke wuce rami kaza ya zubo ma ramin laftof ɗinka, abin da Cisco ke ce ma SPAN. In suwic ɗin irin na kasuwa ne da ba a shiga cikinshi, manta da na ukun.

Kuma in kan rauta ka tsaya ka tuna fuska biyu gare ta. Ta ciki tana ganin kwamfutar da adireshinta na gida, misali 192.168.88.25. Ta waje kuwa NAT, aikin musanya adireshi da rauta ke yi, ya riga ya canza mata riga, duk kwamfuta 22 sun koma adireshi guda. Na sha ganin mutum ya sa filtar 192.168.88.25 a kan pppoe-out1, wato fuskar waje ta MikroTik, ya ga shiru, ya kira ni yana cewa oga kwamfutar ba ta aika komai. Tana aikawa, kai ne ke nemanta da sunan da ba a kiranta da shi a waccan unguwar. A fuskar waje da adireshin sabar ake tacewa, shi ne ba ya canzawa.

Yanzu filta. Wireshark filta biyu gare shi kuma ba yare ɗaya suke ji ba, wanga abu yana rikita mutane ƙwarai. Akwai ta kamu, wadda ake rubutawa kafin a fara, a ɗan akwatin da ke saman jerin katunan netwok, ita rariya ce, abin da bai bi ta cikinta ba ba zai taɓa shiga fayil ba. Akwai kuma ta kallo, doguwar da ke sama bayan an fara, ita ɓoyewa kawai take yi, kayan suna nan suna cika maka faifai. Kai ta biyun ka yi ta bugawa shi ya sa fayil ya kumbura. Ta kamu ana rubuta ta host 192.168.88.25, ta kallo kuwa ip.addr == 192.168.88.25, in ka musanya su akwatin zai yi ja. Dalilin bambancin tarihi ne: yaren filtar kamu na tcpdump ne, manhajar kama fakiti da ake sarrafawa da rubutun umarni, wanda Van Jacobson da Craig Leres da Steven McCanne sunka fara rubutawa a 1988 a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley a Amurka, shi kuwa Wireshark Gerald Combs ya fito da shi a 1998 da sunan Ethereal, sai 2006 anka canza mishi suna, ya ari yaren tcpdump wajen kamu ya ƙirƙiri nashi wajen kallo. Amfanin haka gare ka shi ne filtar kamu guda da ka koya za ta yi maka aiki a Wireshark da tcpdump da dumpcap duka.

Mu fara da ta ɗora hoto. Je kan kwamfutar da ke yi, rufe duk wani shafi, buɗe Wireshark, zaɓi katin Ethernet, ka rubuta wannan a filtar kamu. Adireshin da na sa na misali ne, sa wanda nslookup ya ba ka:

host 203.0.113.10 or port 53 or icmp

Kada ka cire port 53 da icmp don ka ga kamar ba su da alaƙa. Na farkon shi ne DNS, in tun wajen tambayar suna anka samu matsala kwamfutar ba za ta ma taɓa sabar ba, sai ka ga fayil wayam ka rasa dalili. Na biyun kuwa ta nan rautocin kan hanya ke aiko ƙorafi, kuma adireshinsu daban ne da na sabar. Buga ipconfig /flushdns, danna farawa, buɗe shafin, ɗora hoton, jira ya mutu, tsayar. Rubuta ƙarfe nawa har da minti. Fayil ɗin da wuya ya wuce 'yan megabait.

Abu ɗaya, shafuka da yawa yanzu suna bayan kamfanonin rarraba kaya ne, adireshinsu yana iya canzawa tsakanin safe da rana, kuma wani lokaci shafin yana wani adireshi wurin ajiye hoto yana wani. In ka ga kamun ya yi shiru daidai lokacin ɗora hoton, danna F12 a burauza ka duba sunan da hoton ke tafiya gare shi, ko ka faɗaɗa rariyar zuwa tcp port 443 or udp port 443 or port 53 or icmp tunda kai kaɗai ne kan kwamfutar kuma ka rufe sauran shafuka. UDP ɗin don QUIC ne, wata sabuwar hanyar ɗauko shafi, Chrome yana amfani da shi da shafuka da dama.

Ga karatun. Duk hirar TCP, wato tsarin da kwamfuta da sabar ke musayar kaya da tabbatar da isarsu, da gaisuwa 3 take farawa, kwamfuta ta aika SYN, sabar ta amsa da SYN-ACK, kwamfuta ta rufe da ACK, kamar sallama da amsawa da shigo. In ka ga SYN yana ta fita shi kaɗai, tazara tsakaninsu tana ninkuwa kuma ba amsa, to wani abu a hanya yana haɗiye shi shiru, ko bangon wuta ko hanya ta yanke. In RST ya dawo nan take, to saƙon ya isa wani wuri anka ce ba a buɗe ba, wannan ƙi ne ba ɓata ba, kuma bambancin yana da girma don wanda za ka kira ya bambanta. A filtar kallo tcp.flags.reset == 1 zai fito maka da su. Sai tcp.analysis.retransmission, wato abin da anka sake aikawa don ba a ji amsa ba. Kaɗan daga ciki ba komai ba ne musamman a rediyo, amma in sun yi jere kamar tururuwa akwai asara a hanya. Sai tcp.analysis.zero_window, mai karɓa ne ke cewa cikina ya cika a dakata, wannan ba laifin waya ba ne, na'urar ce ta gaji.

To ga abin da nake zato, kuma da ka ce PPPoE kunnena ya tashi. Ethernet yana ɗaukar fakiti har bait 1500. PPPoE yana cin bait 8 nashi, saura 1492, kuma in mai ba ku intanet yana da wani rami a cikin hanyarshi sai ya ƙara raguwa. Kwamfutocinka ba su san wannan ba, su dai sun ga kebul sun ɗauka 1500 ne, sai su cire 20 na IP da 20 na TCP su shelanta MSS 1460 a cikin SYN, wato iyakar kayan da za a zuba a fakiti guda. Ƙananan fakiti duk suna wucewa lafiya, gaisuwa ta wuce, rubutun fom ya wuce, shi ya sa shafin ke buɗewa kake ganin kamar komai daidai. Da an zo hoto sai fakiti su cika maƙil, su iso ƙofar da ba ta kai faɗinsu ba, kuma akwai alamar kada a raba a jikinsu. Ƙa'ida ita ce rautar da ta tare su ta aiko da ICMP nau'i na 3 lamba 4 ta ce ku rage, ga girman da nake ɗauka. Amma akwai masu saita bangon wuta da sunka ɗauka duk ICMP sharri ne su toshe shi kaf, sai saƙon bai iso ba, kwamfuta ta yi ta aika wancan babban fakitin tana sakewa har ta haƙura. Kamar mai amalanke ne ya lodo kaya sun fi lungun faɗi, yana ta turawa, kuma ba wanda ya leƙo ya ce mishi malam rage.

A Wireshark hotonshi ba ya ɓoyuwa. Gaisuwa lafiya, ƙananan saƙonni lafiya, sai babban fakiti guda mai tsawo wajen 1514 yana ta maimaituwa da baƙin layi, ba ACK. In ta ɓangaren saukowa ne kuwa za ka ga Client Hello, sallamar da burauza ke fara HTTPS da ita, ya fita sai shiru, ko Wireshark ya ce akwai guntun da bai gani ba, don takardar shaidar sabar babba ce ta maƙale a hanya. Danna kan SYN ɗin ka buɗe Options ka karanta MSS, ka yi haka ga SYN-ACK ma. Kuma kana iya gwadawa ko ba Wireshark:

ping -f -l 1472 8.8.8.8

1472 da 28 na kai shi ne 1500. In ya ƙi, gwada 1464 wanda ya yi daidai da 1492, in shi ma ya ƙi ka yi ta ragewa har ya wuce, lambar da ta wuce ka ƙara mata 28 ka samu MTU na gaskiya, wato girman fakiti mafi girma da hanyar ke ɗauka. A Linux ping -M do -s 1472 ake bugawa. Maganin a MikroTik shi ne rauta ta riƙa gyara MSS a cikin SYN kafin ya fita, amma wanga layi na masu fita ne kaɗai, ɗora hoto yana buƙatar irinshi da in-interface don SYN-ACK mai shigowa:

/ip firewall mangle add chain=forward protocol=tcp tcp-flags=syn out-interface=pppoe-out1 action=change-mss new-mss=clamp-to-pmtu

In matsewar tana can cikin hanyar mai ba ku intanet ne ba a kan naku PPPoE ba, rautarka ba ta san da ita ba, sai ka sa lamba da hannu a new-mss, wato MTU ɗin da ka gano a cire 40, kuma ka yi wani layin na masu shigowa da in-interface. Amma don Allah kada ka kwafi layin nan ka liƙa kafin ka kama ka gani da idonka. Zato ne nake yi daga nesa, kuma rabin rautocin da ake kira na in duba a garin nan cike suke da layukan da wani ya kwafo daga intanet bai san aikinsu ba, shekara biyu ba mai iya cirewa don tsoro. Ka kama kafin gyara, ka gyara, ka sake kamawa da filta iri ɗaya ka ga MSS a SYN-ACK ya sauka kuma baƙaƙen layukan sun tafi.

MTU dai bai san azahar ba, ba ruwanshi da agogo, don haka ta biyun wata aba ce daban. Ita tunda ba ka san minti nawa za ta zo ba, ba a zaunar da Wireshark mai hoto a bar shi, shi ne ke cinye RAM. Akwai ɗan ƙaninshi dumpcap a cikin folda guda, ba ya nuna komai sai rubutu a faifai, kuma yana iya juya fayiloli, in na ƙarshe ya cika ya share na farko. Buga dumpcap -D ka ga lambar katinka, ita za ka sa a madadin 4, sannan:

dumpcap -i 4 -f "port 67 or port 68 or arp or port 53 or icmp" -b filesize:20000 -b files:10 -w C:\kama\rana.pcapng

Fayil 10 kowane megabait 20, ko kwana ya yi ba zai wuce 200 ba. A tcpdump kwatankwacinshi -C 20 -W 10 ne tare da -w. Ka ƙirƙiri foldar tukuna, kuma ka hana kwamfutar barci. Ka sa shi kan ɗaya daga cikin waɗanda sunka saba mutuwa tun ƙarfe 12, da yaro ya ɗaga hannu ya ce oga ba netwok sai ka duba agogo ka rubuta, ka ƙara minti 2 ka tsayar.

Dalilin da ya sa na zaɓi waɗannan ƙofofin bari in ba ka labari. Bara cikin watan Afrilu, lokacin da rana ke dukan kwano har ba ka iya taɓa akwatin rediyo, anka kira ni wani ofis wajen Gawon Nama da magana irin taka sak, safe lafiya rana rabin ofis a mace. Kowa ya yanke cewa zafi ne, har sun sayo fanka sun ɗora ma rauta, sun kuma yi faɗa da mai ba su intanet a waya sau ba adadi. Ni ma da zaton zafin na shiga, in faɗi gaskiya. Na zauna kan benci da laftof na sa port 67 or port 68 kawai, na ciro kebul ɗin wata kwamfuta na mayar. DHCP magana 4 ce, Discover, Offer, Request, ACK. Sai ga Offer guda biyu sun fito, ɗaya daga 192.168.88.1 wadda ita ce rautar gidan, ɗayan daga 192.168.0.1 wanda ba wanda ya san da zamanshi, kuma baƙon ya riga na gida amsawa. Kwamfuta kuwa yawanci wanda ya fara miƙo hannu shi take karɓa. Duk kamun bai kai fakiti 10 ba. Munka ɗauki adireshin MAC ɗin munka duba teburin suwic, munka bi kebul ɗin da hannu ta bayan durowa, ƙura har gwiwar hannu, sai ga wata 'yar rauta fara a ƙarƙashin teburin wani ma'aikaci, an soka kebul ɗin ofis a ramin LAN ɗinta. Bawan Allah yana shigowa aiki ne bayan azahar, ya jona ta don wayarshi ta samu wayafai, in zai tashi ya zare ya sa a jaka. Shi ya sa duk wanda ya zo dubawa da safe ba ya samun komai. Bai ma san ya yi ɓarna ba, sai haƙuri yake ta bayarwa.

Ba na ce naka ma haka ne ba, amma ga abin dubawa. A filtar kallo rubuta dhcp, in tsohon Wireshark ne kafin na 3.0 bootp ake rubutawa. Offer daga wuri biyu, ka kama ɓarawo. Discover yana ta fita ba Offer ko ɗaya kuma kwamfutar ta ba kanta adireshi mai farawa da 169.254, to ko adireshin da rauta ke rabawa sun ƙare, wanda yana faruwa a kafe in wayoyin ɗalibai sunka cika wayafai da rana kuma wa'adin haya ya yi tsawo, ko kebul ko suwic na wannan layin ya yanke. In adireshi lafiya yake, duba ARP, kwamfuta tana ta tambayar wa ke da 192.168.88.1 ba amsa, matsalar tana cikin ɗakinka ba ta kai ga rediyo ba. In MAC biyu ke amsa adireshi guda, arp.duplicate-address-detected zai nuna, wani ya sa adireshi da hannu ya hau kan na wani. In duk waɗannan lafiya sai tambayoyin DNS ne ke fita ba su dawowa, sannan ne za mu ɗaga kai mu kalli saman rufi.

A nan kamu kan rauta ke shigowa. MikroTik yana da nashi a ciki. Don leƙawa da sauri /tool sniffer quick interface=pppoe-out1 port=53 zai riƙa zubo maka layuka a allo. Don fayil kuwa ka saita filter-interface da filter-ip-address da file-name a /tool sniffer set, sannan start da stop, ka jawo fayil ɗin daga Files ka buɗe a Wireshark. Ka lura da file-limit, a asali ƙarami ne, kuma wasu ƙananan rautocin megabait 16 ne duk ma'ajiyarsu, don haka gara ka kunna streaming-enabled ka sa adireshin laftof ɗinka a streaming-server, ita kuma laftof ta saurara da filtar udp port 37008, Wireshark ya san yadda zai kwance su. Abin da suwic ɗin cikin rautar ya miƙa tsakanin ramuka biyu da kanshi ba tare da ya bi ta ƙwaƙwalwarta ba, sniffer ba ya ganinshi, kada wannan ya ruɗe ka.

Kamu biyu lokaci guda, ɗaya a kwamfuta ɗaya a pppoe-out1, shi ne ke kashe gardama da mai ba ku intanet. In fakitin ya bar kwamfuta bai fito ta fuskar waje ba, laifin yana gidanka, duba bangon wutarka da layukan rage gudu. In ya fita ta waje amsa ba ta dawo ba, sai ka kira su ka ce ƙarfe 2 da minti 14 na aika SYN sau kaza zuwa adireshi kaza ba amsa, ga fayil. Injiniyan da ke can yana jin wagga magana zai gyara zama, ba kamar ka ce mishi netwok ba kyau ba, wanda yake ji sau ɗari a yini. Ka dai tabbata agogon rauta da na kwamfuta sun daidaita, rautar da ba a sa ma NTP mai daidaita agogo ta intanet ba in anka ɗauke wuta ta dawo tana iya tashi da wata shekara can daban.

Ƙananan tarkuna kaɗan. In kana kama a kan kwamfutar da ke aikawa za ka iya ganin checksum, lissafin tabbatar da lafiyar fakiti, ba daidai ba ko fakiti mai girman da ya wuce 1500 nesa, ba cuta ba ce, katin netwok ne ke ƙarasa lissafin da yankawa bayan Wireshark ya riga ya gani, don haka in kana son ainihin girman duba na rauta. In ta SSH, wato shiga daga nesa, ka shiga wata na'ura kana tcpdump ka ƙara not port 22, in ba haka ba zai yi ta kama hirarku yana nuna maka yana sake kamawa. A tcpdump kullum sa -nn don kada ya tsaya fassara adireshi zuwa suna, ya ƙara ma DNS ɗin da kake bincike kaya. In akwai VLAN, wato an raba netwok gida-gida a cikin suwic, a layin kuma filta ta yi shiru, gwada vlan and host sannan adireshin. In kwamfutar da ba a yarda a sa mata manhaja ba ce, Windows 10 da 11 suna da pktmon a ciki, yana kamawa kuma yana juya fayil ɗin zuwa pcapng.

Sai amana. Kafe ne, yaran mutane suna shigar da sunayensu da lambobinsu da hotunansu. Mafi yawa HTTPS ya rufe su, amma sunayen shafukan da mutum ya shiga suna fitowa a DNS, kuma duk abin da ya bi ta HTTP tsirara yake. Ka nemi izinin mai wurin kafin ka fara, kada ka yi a netwok ɗin da ba kai ke kula da shi ba, akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da dokar kare bayanan mutane ta 2023 a ƙasar nan. Don binciken TCP kawunan fakiti sun isa, -s 128 zai yanke sauran, amma ga DHCP da DNS bar su cikakku don bayanin yana ciki. Kuma kada ka jefa fayil ɗin a guruf ɗin WhatsApp, in aiki ya ƙare share shi.

Gobe da safe kafin ɗalibai su cika yi na ɗora hoton, tare da gwajin ping ɗin, ka faɗa mini lambar da ta wuce da MSS ɗin da ka gani a SYN da SYN-ACK. Ƙarfe 12 ka tayar da dumpcap, in abin ya faru ka buga ipconfig /all a kwamfutar da ta mutu kafin kowa ya taɓa ta ko ya sake kunna rauta, ka ɗauki hoton allon ka haɗo mini da fayil ɗin da ya ƙunshi wancan mintin kaɗai. Kuma kafin nan ka ɗan duƙa ka leƙa ƙarƙashin tebura.